Katanga a Kan Turbar Juma'a

Yanzu idan na ce wa jikokina da ƙafa muke shiga Birnin Kudu, sai su dube ni kamar na ce musu da fiffike muke zuwa. Su abin da suka buɗe ido suka gani shi ne mutum ya tsaya a bakin kwalta ya ɗaga wa ɗan acaɓa hannu, a kwashe shi a zagaya da shi ta gidan mai, a juye shi a bakin kasuwa yana ƙamshin hayaƙi. Ba su san cewa daga ƙofar gidan nan da nake zaune a da akwai turba da take miƙewa ta cikin gonaki har tsakiyar gari ba. Ba don kaina nake wannan ƙorafi ba, ni ƙafafuna sun riga sun ci rabonsu na tafiya, ko an buɗe min turbar yau ba inda za ni. Saboda Malam nake yi, maigidana. Idanunsa sun rufe shekaru da dama da suka wuce, amma tun da suka rufe, kafin wannan abu da zan ba da labarinsa, bai taɓa fashin Juma'a a babban masallacin gari ba, kuma bai taɓa yarda wani ya ja masa sanda ba. Shi kaɗai yake tafiya, shi kaɗai yake dawowa, ta kan turbar nan. Ita ce aka gina wa katanga a kai, kuma abin da ya biyo baya ne ya hana ni barci mai daɗi har na ce sai na amayar da shi.

A lokacin da nake yarinya unguwar nan tamu ƙauye ce sosai, gidaje kaɗan na danga da zana, tsakaninmu da gari sai gonaki da duwatsu. Ba mu muka je gari ba, gari ne ya taso ya tarar da mu. Tun asuba abin da yake tashinmu shi ne lugude daga gidan maƙwabta da kukan kurciya a kan tsamiya. Kafin rana ta leƙo na ɗebo ruwa, na share tsakar gida, na ba awaki dusa, sannan in ranar kasuwa ce na naɗa gammo na jira Iya. Iya kakata ce, mahaifiyar babana, gajeruwar tsohuwa mai tafiya kamar ana binta bashin numfashi, ga baki kamar reza. Daddawa take yi, ni nake ɗaukar mata ƙwaryar. Ita a gaba, ni a baya, raɓa tana jiƙe mana bakin zane. Idan na yi tuntuɓe ba ta waiwayo ba za ta ce, "Ɗaga ƙafa, 'yar nan, ido ne da ke ko ado?" Idan kuma muka gamu da mai ɗauke da itace ko dami, sai ta ja ni gefe cikin ciyawa, ta ce wanda kayansa suka fi nauyi shi ake ba hanya, ko bawan gidanku ne. Ban taɓa ganin an yi gardama a kan wannan ba.

Turbar ba ta da faɗi. Mutum biyu ba sa jerawa a cikinta sai kafaɗa ta goga kafaɗa, amma ta lotsa ta yi santsi saboda yawan taku. Daga unguwarmu yashi ne mai laushi, sai a ratsa gonar babana, sai inuwar wata babbar tsamiya inda ake ajiye randa da moɗa, duk wanda ya zo ya sha ya yi addu'a ga mai ita. Daga nan sai a hau falalen dutse inda mata suke shanya kuɓewa da barkono, a sauka wani ɗan kwari da yake riƙe ruwa da damina, sai kawai ka fara jin guduma tana sauka a maƙera, ka san ka shigo gari. Ba mu kaɗai muke bin ta ba. Mutanen wajen Sundimina suna faɗo mata da jakunansu, matan rugage suna bi da ƙwaryar nono, har fataken da suka taso daga Gwaram da Fagam in sun gaji da babbar hanya sukan yanko ta nan don ta fi kusa. Kuma babu wanda zai gifta wani bai gaishe shi ba. Gaisuwar ma ba irin ta yanzu ba da ake jefo wa mutum ita daga kan babur kamar ɓawon gyaɗa. Ana rage tafiya, a tambayi mutanen gida, a tambayi mai jiki, a tambayi ruwa ya sauka wajenku ko bai sauka ba. Kafin ka isa kasuwa ka riga ka san wanda ya haihu da wanda ya rasu da farashin gero.

Akwai ƙa'ida guda a kan turbar nan da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ko yaro ya san ta. Duk mai gonar da turba ta ratsa, in ya zo huɗa, sai ya juya garmarsa a bakinta. Gonar taka ce ta dama, taka ce ta hagu, amma tsakiyar ba taka ba ce. Wanda ya haɗa da ita ya yi kunya a kai, shi ake cewa ya ci turba. Kuma ba a kai ƙararsa wurin mai unguwa, ba a zage shi, ba a ma ambata masa. Tafiya kawai ake ci gaba da yi ta inda aka saba, ko me ya shuka a wurin.

Ban san nauyin wannan ƙa'ida ba sai shekarar da babana ya ci turba. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rumbunmu ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka, ga baki da yawa a gidan. Da ya samu aron shanun huɗa, sai ya bar garma ta bi ta kan turbar, ya ƙara kunyoyi, ya tura masu wucewa can gefe inda ƙaya da ƙarangiya suke. Da farko mutane suka riƙa zagayawa, ina jin saboda kunyarsa, don Baba mutum ne mai mutunci. Iya kuwa tana kwance da zazzaɓi ba ta sani ba. Ranar da ta miƙe muka ɗauki daddawa, geron ya riga ya fito ya kai idon sawu, kore shar, gwanin kyau. Muka iso bakin gonar, ta tsaya cak. Ta dubi kunyoyin, ta dubi ƙayar da ake zagayawa ta ciki. Baba yana can tsakiyar gonar a duƙe yana cire ciyawa.

Ta ce, "Shiga gaba."

Na ce, "Iya, geron Baba ne."

Ta ce, "Na san mai shi, ni na haife shi. Taka."

Na fara kuka. Ta sa hannu ta riƙe min ƙwarya don kada ta zube, ta tura ƙeyata. Har yau ina jin yadda ganyen nan yake karyewa a ƙarƙashin tafin ƙafata, da sanyinsa, da yadda ƙasar kunya take rugujewa. Tuwon da za mu ci nake takewa, kuma na sani. Muna isa daidai inda Baba yake, Iya ta ɗaga murya kamar ba abin da ya faru ta ce, "Sannu da aiki." Baba ya miƙe, ya dube mu, ya dubi sawunmu a baya, ya durƙusa ya ce, "Yauwa Iya, ya ƙarfin jiki?" Ta ce da sauƙi, muka wuce.

Ranar Juma'a maza suka ƙarasa abin da Iya ta fara. Ina kan falalen dutse ina gadin shanya na hango su, dattawa a gaba, samari a baya, a jere ɗaya bayan ɗaya cikin fararen riguna, suka bi ta tsakiyar geron. Baba ya riga su fita, yana tsaye a gindin tsamiya, kowa ya zo sai ya ba shi hannu su gaisa da fara'a, babu wanda ya ce masa kanzil. A cikin samarin na lura da wani dogo siriri a can ƙarshe, yana tafe yana duban ƙasa, yana sa ƙafarsa daidai cikin sawun na gabansa don kada ya kashe ko tushe ɗaya fiye da wanda aka riga aka kashe. Ban san lokacin nan cewa gidansa za a kai ni ba. Washegari Baba ya ɗauki fartanya da kansa ya baje kunyoyin, ya mayar da turba yadda take. Ni kuwa na yi kwanaki ina ɓuya ina jiran duka. Da ya kira ni sai ya ce, "Ke ce a gaba ran nan ko?" Na ce Iya ce ta sa ni. Sai ya ce, "To. Je ki kawo min ruwa." Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah, kuma a shekarar mun sha yunwa sosai kafin sabon hatsi ya shigo.

Daga ranar na ɗauka a raina cewa ƙafa ita ce take riƙe hanya. Muddin mutane suna takawa, ba wanda ya isa ya ƙwace ta, ko ubanka ne. Da wannan imani na girma, da shi aka kai ni gidan Malam, da shi na yi goyo na yaye. Duk tsararrakina da shi suka tsufa, kuma shi ya cuce mu.

Malam manomi ne, ba mai arziki ba, amma rumbunsa bai taɓa hana maƙwabci ba. Da kaka shi yake fara fitar da zakka a unguwar nan, kuma ban taɓa ganin tafin hannunsa yana kallon sama a gaban wani ɗan Adam ba. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, aka yi na asibiti aka yi na gida, abin ya ƙi, ya ce Allah ya karɓi abinsa. Na zaci zai zauna. Juma'ar farko da duhun ya gama rufe shi, ya yi wanka, ya sa farar riga, ya ce in miƙo masa sanda. Babban ɗanmu ya tashi zai raka shi, Malam ya daka masa tsawa ya ce ya zauna. Na tsaya a ƙofar gida ina kallonsa har ya ɓace cikin dawa. Bayan an sauko sai ga shi ya dawo, har da tsarabar goro a aljihu, yana min dariya. Ya ce, "Ke da kike da ido, kin san tsamiyar nan sanyinta yana fara taɓa mutum kafin ya shiga inuwarta?" Ya lissafa min turbar kamar mai karatu: inda yashi yake ƙarewa, inda dutse yake ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, inda iska take sauya wari in an kusa kwari, inda gudumar maƙera take fara shiga kunnen dama. Masu wucewa kuma duk sun san shi. "Malam, an fito?" Shi kuma ya amsa wa kowa da sunansa, daga jin takunsa ma wani lokaci kafin ya yi magana. A kan turbar nan ba wanda yake tuna cewa makaho ne, har shi kansa.

Sannan gari ya taso. Dattawan da suka san ƙa'ida suka yi ta mutuwa, magada suka raba gonaki, kowa ya ga kuɗin fuloti ya fi na gero saurin shigowa. Ba na ce kada a sayar ba, kowa da matsalarsa, amma ko akuya za ka sayar ai kana faɗa wa mai saye halinta. Babu wanda ya buɗe baki ya ce akwai turba a nan. Gonar babana ma 'ya'yan 'yan'uwana suka sayar da ita ga wani Alhaji da har yau ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, an ce a wani gari yake zaune. Aka sare tsamiya aka yi gawayi da ita. Randar ban san wanda ya ɗauke ba. Falalen dutsen da muke shanya a kai, masu fasa dutse suka cinna masa wuta suka farfashe shi, aka kwashe a tifa. Duk da haka Malam yana tafiya, yana dawowa yana faɗa min abin da ya ɓace. Yau ya ce babu inuwa, gobe ya ce ledoji sun cika kwari suna naɗe masa sanda. Amma ƙasar tana nan a ƙarƙashin ƙafarsa, ita kuma ba ta yi masa ƙarya.

Wata safiya aka wayi gari an kafa turakun siminti, an ja igiya, an haƙa ramin tushen gini ya gitta turbar daidai inda na taka geron Baba. 'Yan tsofaffin da suka rage suka taru a ƙofar gidanmu, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, wani da tari, wani da ciwon gwiwa. Ba su yi dogon zance ba, don kowa ya san abin da ake yi. Ranar Juma'a suka sa fararen riguna suka jeru, Malam a gaba, suka nufi ramin. Magina suna ciki suna kwaɓa siminti. Malam ya ɗaga murya ya ce, "Sannunku da aiki." Yaran kirki ne, wallahi, baƙi ne daga wani wuri. Babbansu ya ce, "Yauwa Baba, sannunku. Ku dakata kada ku faɗa." Ya sa aka ɗauko katako aka gitta musu a kan ramin, suka haye ɗaya bayan ɗaya, yana ta cewa a yi a hankali kada a taɓa igiya. Da suka dawo daga masallaci ka ga murna a fuskokinsu kamar yara. Malam ya shigo yana cewa, "An gama. Sun gane, har gada suka sa mana." Ni ma na yarda. Na dafa musu shayi suka sha a zaure suna ta ba da labarin yadda aka yi wa babana.

Mu a wautarmu mun zaci mun yi magana. Su kuma magina abin da suka gani shi ne wasu tsofaffi masu ladabi sun zo wucewa. Juma'a ta gaba bulo ya kai gwiwa, tsofaffin suka ɗaga riguna suka tsallaka, suka yi gaisuwa, aka amsa musu da girmamawa. Ta gaba da ita ya kai ƙirji. Gero yana jin ƙafa, bulo ba ya ji. Sai a lokacin wani ya tuna da mai unguwa, aka je, ya ce shi ma abin ya fi ƙarfinsa, a zanen filayen babu wata turba, kuma ba wanda ya zo ya yi magana lokacin da ake awo. Wa zai yi magana? Mu da aka koya mana cewa ambaton abin ma cin fuska ne. Kafin ruwa ya ɗauke katanga ta fi tsayin mutum, an jera fasassun kwalabe a samanta, maƙwabcin Alhajin ya haɗa tasa da ita, na gaba ma haka, har bakin kwalta. Gidan ma ba a gina ba. Ciyawa ce kawai a ciki take girma, ba mai shiga ba mai fita.

Babban ɗanmu yana da babur, da shi yake neman abinci. Ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, don Allah ka bari in riƙa kai ka. Kafin ka gama tasbihi mun isa, in jira ka a sauko in dawo da kai."

Malam ya ce, "Ni buhun masara ne?"

Ya ce, "Haba Baba, kowa ma haka yake zuwa yanzu. Har liman a mota yake zuwa."

Malam ya ce, "Liman yana ganin inda ake kai shi. Ni ranar da aka ɗora ni a bayan babur, ranar na makance."

Yaron ya dube ni yana neman in sa baki. Ban sa ba. Na san gaskiya yake faɗa, titi ba wurin makaho ba ne, amma na san abin da yake roƙon ubansa ya ajiye, shi kuma bai sani ba. Malam ya ce ai kwalta ma hanya ce, mutane ne suke bin ta, zai koye ta kamar yadda ya koyi waccan. Ya sa yaron ya kwatanta masa: a bi jikin katanga har ƙarshenta, a karya dama, a bi gefen titi a wuce gidan mai, a tsallaka a daidai masu sayar da lemo, sannan a miƙe.

Juma'ar da ya ɗauki sanda, na bari ya yi nisa kaɗan, na yafa mayafi na bi bayansa. Tun da idonsa ya rufe ban taɓa yi masa haka ba, amma zuciyata ta ƙi zama. Jikin katanga bai ba shi wahala ba, yana tafe yana ƙwanƙwasa ta da sanda. Da ya fito bakin kwalta ne na ga tafiyarsa ta sauya. Mutumin da yake taku kamar mai ido, sai ga shi yana jan ƙafa yana lalube. Ƙasar duk iri ɗaya ce, ba yashi ba dutse, ƙara kuma ta ko'ina, injin niƙa, janareto, rediyon masu shago, ba ka gane gabas balle yamma. Babura suna gifta shi ta dama da hagu suna masa hon. Wani yaro da bai kai jikansa ba ya leƙo ya ce, "Kai tsoho, matsa mana!" Sandarsa ta faɗa cikin kwata, ya zaro ta da ƙazanta, bakin farar rigarsa ya ɓaci bai sani ba. Mutane cike da titin, duk masallaci ɗaya za su, amma babu wanda ya ce Malam an fito. Na ciji mayafina na ci gaba da binsa.

Ya wuce gidan mai, ya gane masu lemo da ƙamshi, ya tsaya a inda aka ce masa ya tsallaka. Manyan motoci suna wucewa iskarsu tana kaɗa masa riga. Ya saurara, ya sa ƙafa, ya janye. Ya sake sa wa, ya janye. Ladan ya yi kira, huɗuba ta fara fitowa a lasifika, yana nan tsaye. Can sai na ga ya miƙa hannunsa na dama gaba, yana laluben ko akwai wani kusa da shi da zai tambaya ko hanya ta yi sarari. Wani saurayi mai tsabta, da darduma a kafaɗa, ya zo da sauri. Ya dubi sandar, ya dubi rigar da ta ɓaci, ya dubi hannun. Ya laluba aljihu ya sa masa takardar kuɗi a tafin hannu, ya naɗe masa yatsu a kai.

Ya ce, "Ga sadaka, Baba. A sa mu a addu'a."

Ya tsallaka a guje ya tafi. Ba mugu ba ne, na sani, lada yake nema a ranar Juma'a. Amma da mari ya yi masa da ya fi min sauƙi. Malam ya tsaya da hannunsa a dunƙule kamar an sa masa garwashi. Na ga leɓensa yana motsi, na matsa kusa, sai na ji addu'ar yake yi wa yaron, a hankali, har ƙarshenta, don an roƙe shi. Da ya shafa, bai juyo ba ya ce, "Ƙaraso mana. Tun daga ƙofar gida nake jin takunki."

Na ƙarasa.  Na ce, "Malam, bari in tsayar da wani ya tsallaka da kai, ba a tayar da salla ba tukuna."

Ya girgiza kai. Ya buɗe hannu ya miƙo min takardar ya ce in ba wa duk mabuƙacin da na gani. Ya fuskanci wajen da huɗuba take fitowa. Sannan ya juya, ya ɗaga sandarsa daga ƙasa, ya miƙo min bakinta, wanda ya sha kwata.

Ya ce, "Kama. Ban san hanyar gida ba."

Na kama. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa shiga gabansa a hanya ba sai ran nan. Muna tafe a gefen kwalta, ni a gaba ina ja, shi a baya, aka tayar da kabbara a masallaci. Bai tsaya ba, ni ma ban waiwaya ba, don ba na so in ga fuskarsa.